Ɗan Wake Ba Yaji

Sallama gare ku masu leƙo wannan shafi. Kada ku tsaya neman hannun da kuka saba gani, ba ita ba ce. Wadda kuka sani da suna Mai Kunne ta rufe shafin nan kusan sati uku da suka wuce, har kun yi mata addu'o'in ban kwana, wasunku da kuka. Ni kakarta ce. Sunana Hajjo, mai sayar da ɗan wake a bakin get ɗin wani kamfanin fata a Challawa. Aji biyu na yi a yaƙi da jahilci, don haka in kun ga harafi ya karkace, ku miƙar da abinku. A littafin 'yan makaranta na rubuta wannan, Dabora mai kafen intanet ce take buga mini a na'ura, kuma na hana ta gyara ko kalma ɗaya.

Jikar tawa sunanta Badi'a. Yanzu babu amfanin ɓoyewa, ni na riga na yi shelar sunan.

A hannuna ta tashi tun da uwarta ta rasu ta bar ta tana rarrafe. Yarinya ce siririya, mai shiru, kullum cikin hijabi ruwan toka da ɗan tabon biro a gefen yatsa. Da ta gama difloma aiki ya ƙi samuwa, sai Dabora, wata 'yar Kagoro mai kafe a Sharada, ta ɗauke ta tana buga wa mutane takardun neman aiki. In babu kwastoma kuma janareta na ci, sai ta buɗe wannan shafin ta yi ta zuba muku labaran ma'aikata. Shekara biyu kuna tambayarta daga ina take samo su. To ga amsarku, daga bakina ne.

Ni dai Allah ya yi ni da kunne, ya yi ni da baki, bai kuma sa ƙofa a tsakaninsu ba. Shekara goma sha tara ina zaune a bakin get ɗin nan. Na san wanda matarsa ta yi yaji, na san wanda yake shafa turare don ɓoye warin fata in zai je zance, na san direban da yake da gida biyu kowanne bai san da ɗaya ba. In na koma gida Kumbotso bayan la'asar, ina kankare tukunya ina zazzage mata, ita kuma tana zaune a kan turmi tana dariya har da riƙe ciki.

"Hajjo, wallahi ke rediyo ce."

"Rediyo yana da batir, yarinya. Ni ba na mutuwa."

Ita dai tana da hankali, ba kamar ni ba. Takan canza sunaye, ba ta taɓa faɗin kamfani ko unguwa. Daga Bompai zuwa Sharada zuwa Challawa get nawa ne, mai abinci nawa ce? Kowa ya karanta sai ya ce a kamfaninsu ne. Har ma'aikata suka fara zuwa kafe suna sa a fitar musu da labarin a takarda, su zo da shi lokacin hutun rana, mai karatu ya karanta, sauran suna ci suna shewa. Ku yi tunanin halin da nake shiga: ina tsame ɗan wake, ana karanto mini gulmata da na yi jiya, an wanke ta an goge ta kamar shadda, ni kuma dole in yi fuskar ban san komai ba. Sau nawa na ciji mayafina!

Yanzu ga labarin da ya kawo ni.

A kamfaninmu kowace shekara ana kai ma'aikata hoton ƙirji. Wanda hotonsa ya nuna tabo, sai a ba shi takarda a ce ya je ya huta, kuma hutun nan ba a dawowa daga shi. To amma katin shaidar ma'aikata, ruwan kemikal ɗin da suke jiƙa fata yana cinye hoton da ke jikinsa. Wata uku fuskar ta koma kamar inuwa a bango. Don haka mai mugun ƙirji sai ya ba mai lafiya katinsa, ya je ya tsaya a gaban na'urar a madadinsa. Kowa a cikin ma'aikata ya san ana yi, kowa kuma ya kama bakinsa.

Wata rana wani saurayi daga sashen jiƙa fata ya zo wanke hannu a bayan rumfata. Dogo ne, wankan tarwaɗa, mai ladabi, sunansa Abdulbaƙi, mutumin wani ƙauye ne ta wajen Gumel. Tari ya sarƙe shi, ya toshe baki da hankici, da ya cire na ga ja. Ya ga na gani. Ya cusa hankicin a aljihu ya zo ya zauna.

"Iya, na hamsin. Ban da yaji."

"Kai da nake zuba wa cokali biyu?"

"Yanzu yana tayar mini da tari."

Daga ranar bai sake cin yaji ba, mai da gishiri kawai. Bayan kwana biyu na ji su suna raɗa a bayan kwanon rumfar, shi da abokinsa Yohanna, ɗan Filato mai aiki a sito inda babu kemikal. Yohanna yana cewa, "Ba ni katin. Ƙirjina ya ishe mu mu biyu."

Da yamma na kwashe na faɗa wa Badi'a, amma ban kama suna ba, na ce wani ne. Ranar ba ta yi dariya ba. Ta rubuta shi ta sa masa suna Mai Cin Ɗan Wake Ba Yaji. Kun tuna shi ai. Wata daga Jidda ta ce ta kasa cin abinci, wani daga Landan ya ce a rufe kamfanonin duka. A bakin get ɗinmu da aka karanta, ba wanda ya yi shewa, ba wanda ya kalli kowa. Abdulbaƙi ya ci gaba da tsinkar ɗan wakensa.

Wata biyar bayan haka ya je kafen Dabora a buga wa ƙaninsa takarda, ya ga Badi'a. Wata Juma'a ina tsakar gida aka yi sallama a zaure. Na leƙa don in ga wane ne yake neman raba ni da jikata, sai ga mutumina cikin farar shadda da hula zanna ruwan ƙasa, ya sha turare har warin fatar ya ɓuya.

Ya durƙusa har ƙasa. "Iya! Ashe gidanku ne?"

"Ashe kai ne angon nawa? To ka shirya, ni ce uwargida, wannan 'yar siririyar ba ta iya komai ba."

Ya yi dariya, amma idonsa yana roƙona. Na gane roƙon, na kuma amsa shi ba tare da an furta ba.

A nan ne zan faɗi abin da ya fi yi mini nauyi. Ban gaya wa Badi'a cewa shi ne ba. Ni da ban taɓa riƙe sirrin kowa na kwana ɗaya ba, na riƙe wannan wata takwas. Na ce a raina, tarin kamfani ne, wa ye ba ya yi? Na ce yaro ne mai salla, famanan ne ba ɗan wucin gadi ba, yana da ɗaki ciki da falo a Zawaciki, ni kuma gwiwoyina sun fara ba ni notis. Ina so in ga ɗakinta kafin in kwanta. In ya zo zance ni nake zuba masa abinci da hannuna, in ce angona ne, ba mai zuba masa sai ni. Tana dariya tana cewa na cika kishi. Ba ta san yajin nake hana shi ba. In tari ya taso masa sai ya jefa alawar tari a baki ya ce ƙurar wurin aiki ce.

Ta so shi, jama'a. Yarinyar da ba ta magana ta koma tana waƙa a bakin murhu. 'Yar Nokiyarta mai tocila ba ta hutawa. In ya fito hutun rana sai ya yi mata filashin sau biyu, ma'ana ya ci abinci. Wata rana na sa ta karanta mini saƙonsa, ta rufe fuska da hijabi tana karantawa: "Yau na sayo labule shuɗi. In bai yi miki ba ki yi haƙuri, mai shagon ya ce ba a mayarwa." Ita kuma ta mayar masa: "Ya yi, tun ban gani ba."

Manyansa suka zo daga ƙauye da goro da alawa, aka sa rana bayan babbar salla.

Sai ta yanke shawarar rufe shafin nan. Muna tsintar wake ta faɗa mini.

"Na gaji da ɓuya, Hajjo. Shekara biyu mutane suna yi mini magana kamar 'yan uwa, ban san fuskar ko ɗaya ba. Akwai wani sabon wuri, Fesbuk, can kowa da sunansa da hotonsa. Zan zaɓi 'yan kaɗan da na yarda da su in gaya musu ni ce, mu ci gaba da zumunci a can. Labaran mutane kuma na bar su haka."

"Shi angon ya san ke ce Mai Kunne?"

"Sai bayan biki. Zan ba shi mamaki." Ta ajiye tiren ta kama hannuna. "Hajjo, don girman Allah, bakinki."

"Ni? Yaushe kika taɓa jin na yi magana?"

Ta rubuta muku ban kwana ranar Asabar. Ranar Litinin jiniyar hutun rana ta yi kuka, ma'aikata suka fito da takalman roba da hannaye shuɗaye, suka cika bencina. Wani Idrisu, wanda shi ne mai karatunsu, ya zaro takarda daga aljihu ya ce, "Jama'a, Mai Kunne ta tafi." Ya karanta har ƙarshe. Wani har ya share ido da bayan hannu. Ni kuwa ƙirjina ya kumbura kamar ƙullin da ya kwana.

A gefe akwai Malam Gwadabe, mai rubuta lokacin shiga da fita a get. Kowa ya san abin da ya ji da rana yana teburin manaja kafin la'asar. Ya tsotse tsinkensa ya ce, "Ku daina cewa ta. Namiji ne. Wani ɗan jarida ne a Kaduna yake wasa da hankalinku."

Idrisu ya ce, "Malam, ai rubutun mace ne."

"Wace macen? A Kanon nan? Matan nan ban da gulma a bakin tukunya me suka iya?" Ya nuna ni da tsinken. "Ko Iya Hajjo ce take rubutawa da ludayi?"

Aka yi dariya. Da ma a nan ya tsaya. Sai ya ƙara da cewa, "Gidan da aka gaji talla ba a haifar mai alƙalami."

Ban san lokacin da na miƙe ba, ludayi a hannuna yana ɗiga.

"To buɗe kunnenka, Gwadabe. Jikata ce! Badi'a, wadda na goya da wannan bayan. Kowane labari a nan rumfar aka haife shi, daga bakina ya je hannunta. Ka je ka gaya wa ɗan jaridar naka na Kaduna!"

Na tsaya ina jiran tafi. Ba wanda ya tafa.

Gwadabe bai kalle ni ba. A hankali ya juya kansa yana bin kwanukan da ke hannun mutane ɗaya bayan ɗaya, kowanne ja wur da yaji, har ya kai ƙarshen benci. Kwano ɗaya ne fari, mai da gishiri kawai. Abdulbaƙi yana riƙe da shi, Yohanna na gefensa.

"Ikon Allah," in ji Gwadabe. "Ashe a get ɗinmu ne."

Abdulbaƙi ya ajiye kwanon a ƙasa. Ya dube ni sau ɗaya. Ya koma ciki tun jiniya ba ta kira ba.

Ranar Laraba manaja da kansa ya sa shi a motar kamfani, da nas a gefe, aka kai shi hoton ƙirji. Ranar Alhamis aka ba shi takarda. Aka ba Yohanna tasa, shi ma, saboda ya tsaya a madadin wani. Yohanna yana da 'ya'ya uku a Na'ibawa. Da zai wuce ta gaban rumfata da 'yar jakarsa, na ce, "Yohanna, tsaya ka ci abinci." Ya ce, "Na gode, Mama, kin riga kin ƙosar da mu."

Ni kuma duk kwanakin nan ban ce wa Badi'a uffan ba. Tana ta mamakin filashin ɗin rana ya daina zuwa, in ta kira a kashe. Na ce mata wataƙila caji ne, ai kin san Nepa.

Ranar Alhamis ɗin da yamma ina wanke tukunya ta shigo ko sallama babu. Hijabinta ya karkace, wayar a hannunta.

"Hajjo, saurari wannan." Muryarta ba ta rawa, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. "'Mai Kunne, sannu da aiki. Ashe tun kafin ki san ni kika sayar da jinina mutane suna karantawa. Kin aure labarin, ba sai kin aure ni ba. Na bar miki Kano.'" Ta ɗago. "Wa ya gaya masa ni ce? Kuma wane jini yake nufi?"

Na ci gaba da kankare tukunyar da ta riga ta fita.

"Hajjo."

"Gwadabe ne ya zage mu. Ya ce gidanmu..."

"Wane jini?"

Na ce, "Mai cin ɗan wake ba yaji."

Ta tsaya. Ina ganin abin yana shigarta kaɗan kaɗan: alawar tarin, da abincin da nake hana ta zubawa. Ta zauna a kan turmin nan da take zama tana dariya.

"Tun ranar da ya fara sallama a zaure kin san shi ne?"

"Na sani."

"Kin san yana tofar da jini, kika bar shi wata takwas ba asibiti, kika karɓi goron sa rana?"

"Na ce ko zai warke. Ina so in ga ɗakinki, Badi'a."

"Kin gaya wa duniya abin da ya kamata ki ɓoye, ni kuma kin ɓoye mini abin da ya kamata ki faɗa." Ta miƙe. "Da na sani, da tuni na kai shi an duba shi."

Ba ta zage ni ba, ba ta yi kuka a gabana ba. Kwana tara muna gida ɗaya, in ta gaishe ni da safe shi ke nan sai gobe. Rumfata kuma ta bushe. Ma'aikata sun koma wajen mai shinkafa da wake a tsallaken titi, in sun zo wucewa sai su yi shiru har su wuce ni. Gwadabe ne kaɗai yake zuwa, ni kuma na ce na daina sayar masa.

Abin da ban sani ba, a kwanakin nan tana can kafe tana neman mutanen da ta zaɓa a Fesbuk. Cikinsu akwai wata da ta daɗe tana yi mata sharhi a shafin nan, ashe likitar ƙirji ce a Zariya. Badi'a ta gaya mata komai. Likitar ta ce ba ta yi alkawari ba, amma irin wannan in an zo da wuri ana shan magani a tashi, in an bari kuma ba a tashi. Ta ce a kawo shi ranar Alhamis mai zuwa, za ta gan shi da kanta.

Badi'a ta je Zawaciki ta tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabta suka ce ya koma ƙauye wajen mahaifiyarsa. Shekaranjiya da safe ta ɗaura zane, ta ɗauki Indo matar kawunta ta raka ta, suka nufi tashar motar Gumel. A bakin ƙofa ta miƙo mini 'yar takarda.

"Mabuɗin shafina ne. Na ce na bar shi, kuma na bar shi. Ki ajiye, wataƙila ki buƙace shi."

Jiya saƙo ya shigo wayar Dabora, ta hau acaɓa ta kawo mini har rumfa. Ga shi yadda yake:

"Anti Dabora, ki karanta wa Hajjo. Mun iso. Yana ɗakin mahaifiyarsa, ya saki labule, ina jin tarinsa daga tsakar gida. Ya ce wadda ta rubuta shi don mutane su ji daɗi ba za ta ga fuskarsa ba. Na rantse masa ban san shi ne ba, ya ce jika da kaka bakinsu ɗaya. Ya ce ba zai je Zariya ba. Hajjo ta rubuta gaskiya da sunanta a inda aka rubuta na farko, kowa ya gani. Ki fitar a takarda ki ba direban motar Gumel. Ina nan zaune."

To ga shi na rubuta. Ku masu karatu, kun ji. In za ku zagi wani, sunana Hajjo, kun san get ɗin. Wanda kuma yake da hanyar aiki a sito ko gadi, akwai wani Yohanna a Na'ibawa, mutum ne da ya ba abokinsa aron ƙirjinsa. Ku tambayi Dabora.

Saura kai, Abdulbaƙi, in an karanto maka har nan.

Ni ce na ga hankicinka. Ni ce na laɓe a bayan kwano na ji ku da Yohanna. Ni na kai labarin gida ban sa masa suna ba, ni na zuba maka abinci wata takwas don kada ta gane, ni kuma na tsaya da ludayi na tona ka saboda Gwadabe ya taɓa mini zuciya. Yarinyar da ke zaune a tsakar gidanku ba ta san kai ne ba sai ranar da aka kore ka. Lokacin da ta rubuta labarin nan ba ta ci tuwon dare ba, tana tausayin mutumin da ba ta taɓa gani ba.

Ban ce ka yafe mini ba. Ban ma ce ka aure ta ba, wannan tsakaninku ne. Ka tsane ni a Zariya, ka tsane ni kana shan magani, ka warke ka zo har rumfa ka faɗa mini baƙar magana a gaban kowa, zan tsaya in ji. Yau Talata. Likita ta ce Alhamis.

Dabora ta ce in taƙaita, motar Gumel ƙarfe biyu take tashi, kuma janareta ya fara shaƙewa.

Tana nan a bayan labulen, angona. Hannu kawai za ka miƙa.